Daga Bakin Kwara Zuwa Ɗakin Gwaji: Tarihin Karatun Halittun Ruwa da Shekarar Share Fage

Garin Malanville yana ƙuryar arewa maso gabashin Jamhuriyar Benin, a gaɓar dama ta kogin Kwara, yana fuskantar Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Gadar da aka gina a 1958 ce ta fara haɗa gaɓoɓin biyu. Sunan garin na Faransanci ne, an samo shi daga Henri Malan, wanda ya yi gwamnan Dahome a farkon ƙarni na 20, amma ƙasar da garin ya zauna a kai tsohuwa ce. Dendi ke nan, inda Askiya Nuhu ya ja daga bayan Marokawa sun karya rundunar Songhai a Tondibi a 1591, kuma ta nan yankin ne ayarin fataken Hausa ke ƙetare kogi su bi ta Kandi da Jugu zuwa Gwanja sayen goro. Har yau Hausa na cikin harsunan da ake ciniki da su a kasuwar Malanville, tare da Dendanci da Zabarmanci da Fulatanci.

Daga wannan gari zuwa teku a Kwatano akwai tafiyar fiye da kilomita 700. Saboda haka wanda ya ji an ambaci karatun kimiyyar dabbobi da halittun teku a jami'a, zai iya cewa wannan zance bai shafi ɗan Malanville ba. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Kogin da ya ratsa garin yana ɗauke da nau'o'in kifi kusan 250 daga mafarinsa a tsaunukan Gini zuwa inda ya faɗa teku a kudancin Nijeriya, tafiyar kimanin kilomita 4,180, kuma wasu daga cikin kifayen nan sun taɓa hana manyan masanan Turai barci. Abin da ya yi wuya shi ne hanyar da ɗan bakin kogi zai bi ya kai ga ɗakin da ake nazarin kifin garinsu. A nan ne shekarar share fage ta shigo cikin labarin.

Makarantar farko: sarkanci

Kafin a yi jami'a a ko'ina cikin wannan yanki, akwai ilimin ruwa, kuma yana da malamai da ɗalibai da matakai. Masu shi su ne Sorko na ƙasar Songhai, waɗanda Bahaushe ya kira Sarkawa, ya kuma kira sana'arsu da dukkan abin da ke tattare da ita sarkanci. Yana da kyau ɗalibin Hausa ya lura da bambancin kalmomin nan. Su shi ne aikin kamun kifi, wanda ya yi shi masunci ne, jam'i masunta. Sarkanci kuwa ya fi su faɗi, domin ya ƙunshi farautar dorina da kada da ayu, da sanin magungunan ruwa, da cire ƙayar kifi daga maƙogwaro, da iko a kan wani yanki na kogi ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Sarkawa sun gangaro daga Dendi zuwa Kabi da Yawuri, suka zama Hausawa a harshe, har zuriyarsu ta riƙa komawa sama da kwalekwale zuwa Gaya da Yamai da gaba da nan. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya bi Kwara da jirgin ruwa daga sama har ƙasa a 1946 zuwa 1947, ya rubuta maƙala a kan waɗannan masunta matafiya a 1950.

Yaron Sarkawa ba ya fara da zago. Yakan fara da kwarfe ruwa daga cikin jirgi, da ɗinkin koma, da tsinto kifi daga taru. A nan yake koyon sunaye: tarwaɗa da ramboshi, karfasa da gargaza, ƙurungu, tsage mai haƙora, faliya, bargi, yauni, gartsa, gaiwa, minjirya, talibambam, sai uban tafiya giwan ruwa, wanda kan wuce kilo 100. Bayan sunaye sai halaye. Yakan san cewa bargi na share wuri cikin ciyawa ya yi sheƙa zagayayya, yauni kuwa sheƙarsa kan ruwa take yawo, kuma mai hankali ba ya kusantar ta domin mai ita na cizo. Yakan san akwai ƙurungun da ke iyo a rigingine, da karfasar da ke goyon 'ya'yanta a baki. Yakan san gaiwa na shiga laka idan tafki ya ƙafe, ta naɗe kanta ta yi watanni ba ci ba sha, har Bahaushe ya ce jikinta take ci. Masana na zamani da suka auna sun tarar haka ɗin ne, naman jikinta take ƙonawa a hankali har ruwa ya dawo.

Babban darasi shi ne na ruwan kansa. A wannan yanki Kwara na cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta da Satumba, ruwan sama na kusa ne da rafuka irin su Mekuru da Alibori da Sota ke kawowa, jajaye-jajaye da laka. Cika ta biyu takan iso cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwa ba ya sauka daga sama. Wannan ruwan Gini ne, wanda ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso a tace. Kifi na bin cikar farko ya fantsama cikin fadama ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma cikin ciyawa, idan ruwa ya fara janyewa su nemi komawa gulbi. Hana su a wasu tafkuna sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe, irin al'adar da bikin Argungu ya tsiro daga cikinta kafin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ta 1934 ta mayar da shi gagarumin biki, dabara ce ta barin kifi ya hayayyafa, ko da an lulluɓe ta da zancen iskokin ruwa.

Wannan ilimi yana da zurfi, kuma yana da iyaka. A ka yake, ba a takarda ba, kuma mafi tsadarsa asiri ne da uba ke ba ɗa ɗaya, idan ya ga dama. Masunci na iya sanin kowane gurbi tsakanin Gaya da Illo, amma ba shi da hanyar gwada kamun bana da na shekara talatin da suka wuce sai abin da tsofaffi suka tuna, ba kuma shi da labarin abin da ake yi wa kogin a nisan kilomita dubu daga inda yake.

Baƙi masu kwalabe

Duk wanda ya duba sunayen kimiyya na kifayen Kwara zai ga wani abin mamaki. Giwan ruwa Lates niloticus ne, yauni Gymnarchus niloticus, bargi Heterotis niloticus. Duk an jingina su ga kogin Nilu, saboda a can Turawa suka fara cin karo da su. Dangin gartsa ma daga Masar aka fara bayyana su a 1802, ta hannun Geoffroy Saint-Hilaire, ɗaya daga masanan da suka bi rundunar Napoleon. Dalilin wannan tarayya shi ne kifayen Nilu da Cadi da Kwara da Sanagal kusan gida ɗaya ne, domin a zamunan da Sahara ke da dausayi ruwayen nan sun sha haɗuwa.

Gartsa ce ta fi ɗaure wa masanan ƙarni na 19 kai. Tana da huhu biyu, tana da sulke mai tauri, ƙegenta na gaba kamar hannuwa, har wasu suka ɗauka ita ce mahaɗa tsakanin kifi da dabbobin tudu. Don a warware gardamar sai an ga yadda ɗanta ke girma cikin ƙwai, kuma babu Baturen da ya taɓa gani. Wani matashi daga Jami'ar Kambirij, John Samuel Budgett, ya sa kansa wannan aiki. Ya je Gambiya sau biyu, ya je Yuganda da Nilu, bai dace ba, ko da yake a Gambiya ya rubuta bayanin sheƙar yauni da ta bargi da ta gaiwa, abubuwan da kowane yaron masunta ya daɗe da sani. A 1903, a yankin da Kwara ke rarrabuwa kafin teku, ya samu mace da namiji masu ƙwai, ya haɗa su da hannunsa, ya zana matakan girman ɗan. Ya koma Ingila da zazzaɓi a jika, ya rasu a Janairun 1904 yana da shekara 31, kafin ya rubuta sakamakon aikinsa.

Bayansa sai masu ƙidaya. George Albert Boulenger na gidan tarihin halittu da ke Landan ya fitar da kundin kifayen ruwan daɗi na Afirka cikin juzu'i huɗu tsakanin 1909 da 1916, mafi yawa daga kifayen da jami'an mulkin mallaka da matafiya suka aika masa cikin kwalabe. A ɓangaren Faransa, Jacques Daget ya zauna a Diafarabe cikin ƙasar Mali ta yau, inda aka kafa ɗakin binciken halittun ruwa, ya buga littafinsa a kan kifayen Kwara ta sama a 1954. A Kambirij kuma Hans Lissmann ya sa yauni cikin tanki, ya gano a 1951 cewa kifin na fitar da wata raunanar wutar lantarki ba ƙaƙƙautawa, kimanin sau 300 cikin daƙiƙa, sannan a 1958 shi da Kenneth Machin suka nuna cewa da ita yake gane abin da ke kewaye da shi cikin duhun ruwa. Wannan wata hanyar ji ce da kimiyya ba ta san da ita ba kafin nan. Minjirya dai kowa ya san tana da wuta, wanda ya taɓa ta ba ya bukatar malami. Ta yauni ce ba a ji a jika, sai da na'ura.

A duk wannan tarihi akwai mutanen da sunayensu ba su cika fitowa a bangon littafi ba, wato masuntan da suka tuƙa jirgi, suka nuna sheƙa, suka ce wannan daban yake da wancan ko da sun yi kama. Abin da ya tsira daga iliminsu a rubuce shi ne sunaye. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara sunayen kifaye da dama, kuma littafin da William Reed da abokan aikinsa suka fitar a 1967 a kan kifi da su a Arewacin Nijeriya ya jera sunayen Hausa kusa da na kimiyya. Ɗalibin da ke neman batun bincike a kan kalmomin Hausa zai sami aiki a nan, domin suna ɗaya kan sauya kifi daga Yawuri zuwa Haɗeja.

Ƙofar da ta yi tsawo

Lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960, bukatar masana 'yan ƙasa ta taso da gaggawa, kuma madatsar ruwa ta Kainji ce ta fi tayar da ita. An fara gininta a 1964, aka toshe kogin a 1968, tafkin da ya taru ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 1,200, aka tayar da mutane kimanin 44,000, har da tsohon garin Busa. Ba wanda ya san tabbas abin da zai sami kifi. A shekarun farko kamu ya yi tashin gwauron zabo, musamman faliya, saboda ciyawa da itatuwan da ruwa ya shanye sun zama abinci, sannan ya faɗi warwas. Aikin binciken tafkin da aka kafa a 1968 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya shi ya zama cibiyar binciken tafkin Kainji a 1975, daga baya a 1987 ya zama cibiyar ƙasa ta binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa. Sai dai cibiya ba ta aiki sai da masu digiri, kuma a nan gizo ke saƙa.

Tsarin da Nijeriya ta gada daga Ingila ya tanadi shekara biyar a sakandare, sannan ƙarin shekara biyu a aji shida don babbar takardar shaida, sannan digiri na shekara uku. Wanda zai karanta kimiyyar dabbobi sai ya ci ilimin halittu da kimiyyar sinadarai a wannan babban mataki. Makarantun Arewa masu aji shida 'yan ƙalilan ne, masu ɗakin gwaje-gwaje da malaman kimiyya sun fi ƙaranci. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Zariya a Oktoban 1962, da tsangayoyi huɗu har da ta kimiyya, ɗalibanta 426 ne, kuma 147 kawai daga cikinsu ne 'yan Arewa. Jami'a ce a tsakiyar ƙasar Hausa, amma matakalar shiga cikinta ta rasa tsani biyu.

Maganin da aka samo a ƙarshen shekarun 1960, zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, shi ne jami'a ta gina tsanin da kanta. Aka buɗe Makarantar Share Fage, wadda aka fi sani da SBS, a cikin harabar jami'ar. Ana ɗaukar yaro kai tsaye daga aji biyar na sakandare, a cusa masa karatun aji shida cikin ɗan lokaci a hannun malaman jami'a da kayan aikinta, idan ya ci ya wuce zuwa digiri. Wannan ya mayar da karatun shekara huɗu ke nan a aikace. Akwai waɗanda suka yi adawa, suna ganin za a zubar da darajar digiri, kuma aikin sakandare ba na jami'a ba ne. Tsoronsu ba na banza ba ne, domin hanyar gaggawa na iya zama ƙofar baya. Amma abin da ya biyo baya ya fi ba wa masu shirin gaskiya: yawan ɗalibai ya haɓaka, kuma da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyi da malaman kimiyyar da Arewa ta samu a shekarun 1970 ta wannan ƙofa suka shiga. Jihohi suka kwaikwaya da kwalejojin share fage nasu, sannan a 1976 aka kafa jarrabawar IJMB ƙarƙashin kulawar Zariya don ta daidaita ma'auninsu, shekara biyu kafin hukumar JAMB ta zo a 1978.

Me ake yi a wannan shekara ga mai son karatun dabbobi? Abu na farko shi ne hannu da ido. Yaron da ya haddace zanen zuciyar kwaɗo daga allo yakan riƙe almakashi ya feɗe kwaɗon da kansa, ya leƙa madubin ƙara girma ya ga ɗigon ruwan tafki cike da rai, ya koyi zana abin da ya gani, ko da ya saɓa wa abin da littafi ya ce zai gani. Na biyu kimiyyar sinadarai da lissafi, waɗanda su ne kan kayar da masu son dabbobi, alhali ba a auna iskar da ke narke cikin ruwa ko a ƙiyasta yawan kifin tafki sai da su. Na uku harshe. Ɗan masunci da ya san yauni tun yana goye sai ya sake koyon sa da Latinanci, ya rubuta bayaninsa da Turanci, kuma jarrabawa ba ta da gurbin da zai nuna cewa ya fi malaminsa sanin inda kifin ke kwana. Shekarar share fage ta cike giɓin da ke tsakanin sakandare da jami'a, amma wanda ke tsakanin jirgin su da ɗakin gwaji ba ta taɓa shi ba.

Bayan tsarin ilimi ya sauya a shekarun 1980 aka daina aji shida, kalmar share fage ta rabu gida biyu, kuma ɗalibai kan rikita su. Akwai karatun gyara, na wanda sakamakonsa bai cika ba, wanda ke kai shi aji ɗaya na jami'a. Akwai kuma na IJMB, wanda ke kai shi aji biyu kai tsaye. Makarantar da Jami'ar Ahmadu Bello ke da ita a Funtuwa tana yin duka biyun.

Ɗaya gaɓar

Ɗan Malanville ba wannan hanya ya gada ba, ko da yake Illo da Kamba na Jihar Kabi sun fi Kwatano kusa da shi nesa ba kusa ba. Tasa ta Faransa ce: firamare, kwaleji, lise, sannan jarrabawar bak, wadda ita kanta ce mabuɗin jami'a. Mai son ilimin halittu yakan bi sashen da ake kira D. Faransa ma ta taɓa yin shekarar share fage a hukumance, daga ƙarshen shekarun 1940 har aka soke ta a 1966, inda ɗalibin kimiyya ke yin shekara guda yana haɗa fiziks da sinadarai da ilimin halittu kafin ya zaɓi fanni. Da irin wannan karatu na matakin farko ilimin jami'a ya fara a Dahome. Cibiyar da Dahome da Togo suka yi tarayya a kanta daga 1965 ta ajiye sashen kimiyya a Porto-Novo, na adabi a Lome, mai son ƙarasa digiri kuwa sai ya nufi Dakar ko Abijan ko Faransa. Sai a 1970 Dahome ta sami jami'arta, Nijar ta bi sahu a farkon shekarun 1970 a Yamai. Arewacin Benin bai ga jami'a ba sai 2001, da aka buɗe ta Paraku, kimanin kilomita 300 kudu da Malanville.

Bambancin tsarin biyu a nan yake. Na Ingila yana tace mutane a bakin ƙofa, shi ya sa aka gina wa waɗanda aka bari a waje wata ƙaramar ƙofa. Na Faransa yana barin mai bak ya shiga, sai shekarar farko ta yi tankaɗe da rairaya a ɗakunan karatu masu cunkoso. A tsangayar kimiyya ta Abomey-Calavi ɗalibi kan fara da haɗakar sinadarai da ilimin halittu da ilimin duwatsu, wadda share fage ce ko da ba a kira ta haka ba. A kowane ɓangare, ɗan ƙauyen da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaji shi ke fara jin jiki.

Benin na da nata gurbi a tarihin wannan fanni. A fadamar kogin Weme ta kudu ne Robin Welcomme ya yi aiki kafin ya rubuta littafinsa na 1979 a kan kifin koguna masu ambaliya, wanda ya ƙarfafa ra'ayin cewa yawan kamu na bin girman cikar shekarun da suka gabata. A can ne kuma masunta ke haƙa dogayen ramuka a fadama, waɗanda suke kira hwedo, kifi ya maƙale ciki idan ruwa ya janye. Dabarar ta haura har Malanville, inda wasu masu bincike daga Jami'ar Würzburg ta Jamus suka yi nazarinta, suka buga sakamako a 2011. Tarwaɗa ce ta fi yawa a ramukan, kuma dalili a fili yake: tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska da ita, don haka takan rayu a ruwan da ya kashe sauran.

Ina teku a nan?

Wanda ya nace sai halittun teku, dole ya yi ƙaura. A Nijeriya cibiyar binciken teku tana Legas tun 1975, kuma jami'o'in Legas da Kalaba ne suka yi suna a fannin. A Benin sai Kwatano. Su ma Turawa a bakin gaɓa suka gina wannan ilimi, a tashoshi irin ta Naples da Anton Dohrn ya kafa a 1872 da ta Plymouth da aka buɗe a 1888.

Duk da haka teku ta bar sawunta a ƙasar Hausa. Talibambam, mai kumbura ciki idan an taɓa shi, danginsa kusan duk a teku suke. Kunamar ruwa da ake samu a Binuwai da Kwara ta ƙasa, wadda aka bayyana wa kimiyya daga Garwa a 1962, ita ma 'yar gidan teku ce da ta zauna a ruwan daɗi. Ayu kuwa yana kai da kawowa daga bakin teku har cikin Mali. Mafi ban mamaki yana ƙarƙashin ƙafa. A lissafin masana duwatsu, kimanin shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce wani reshen teku ya malalo ta tsakiyar Sahara ya rufe ƙasar Sakkwato da Adar. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita gawarwakin halittun wannan teku ce, ana tsintar kwansonsu a cikinta. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku mai rarrafe, wanda aka fara bayyanawa a 1930, masanan Italiya suka sake masa suna Goronyosaurus a 1972. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, yana iya riƙe halittar teku a hannunsa bai bar Sakkwato ba.

Kogin da ake bukatar a karanta yanzu ba shi ne wanda Budgett ko Rouch suka gani ba. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun rage fadamun da kifi ke haihuwa, har a Yunin 1985 ruwan ya kusa tsayawa cik a Yamai. Wata baƙuwar ciyawa 'yar asalin Kudancin Amurka, mai kama da kainuwa, mai shuɗin fure, ta shigo ta toshe mashigai. Koma mai ƙananan idanu ta roba ta maye gurbin ta zare, gonakin shinkafa da na albasa sun ci gaɓa, magungunan feshin auduga na gangarowa ta Alibori da Sota. A can sama da Yamai an fara gina madatsar Kandaji, wadda za ta sauya lokacin cika da girmanta ga duk wanda ke ƙasa da ita, daga Gaya da Malanville har Kainji.

Kifin bai san iyaka ba, amma masu nazarinsa sun sani. Hukumar kula da kwarin Kwara, mai ƙasashe tara da hedikwata a Yamai, ta samo asali tun 1964, duk da haka sai da Kotun Duniya ta raba tsibiran wannan yanki a Yulin 2005, ta ba Nijar 16 har da Lete, ta ba Benin 9. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar Malanville, fasinja da kaya suka koma kwalekwale, a hannun jikokin mutanen da suka san kogin tun kafin a gina ta. Ɗalibin da ya yi bak a Gaya ko Malanville kuma yake son ya yi karatu a Sakkwato ko Zariya, sai an fassara takardarsa an auna ta, sai ya nuna ya iya Turanci, kuma sau da yawa sai ya zauna wata shekarar ta share fage, wannan karon ta harshe, kafin a ba shi damar feɗe tarwaɗar da ya girma yana ci.